Waɗanda aka yi wa aikin toshe jijiyar hanta saboda kansar NET (kansar ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadarin homon), ya kuka ji bayan nan?

Mai jinyar miji: Salam 'yan uwa. Maigidana kansar NET ce ta taso daga hanji ta bazu hanta, shekaranjiya aka yi mai TACE ta matsematsi, wato toshe jijiyar jinin da ke ciyar da ƙarin tare da sa maganin kansa a ciki, tun daren zazzaɓi da amai da ciwo ƙasan haƙarƙarin dama har kafaɗa, ko ruwa ba ya son gani. Dan Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa min, hankalina a tashe yake wlh.

Dattijo: Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Sau 2 aka yi min, ɓangaren hanta na dama sannan na hagu bayan wasu makonni, ba sa haɗa su rana ɗaya. Abin da kika lissafa duk na yi, likita ya ce ƙarin ne ke mutuwa tunda an yanke mai jini. Kusan mako guda ya lafa. Maganin ciwon ne ma ya ɗaure min ciki, ki nemi na sassautawa tun yanzu.

Wata baiwar Allah: Baba haka ne amma fa a kula. Ni an taɓa min tiyatar Whipple, wadda ake cire kan pankiriyas a haɗa bututun matsarmama da hanji, to irin mu ƙwayoyin cutar hanji na hawa hanta cikin sauƙi, zazzaɓina ya tafi sai ga shi ya dawo sati na uku da rawar ɗari har haƙora na karo, ni kuma na yi ta cewa ai na aikin ne, ashe mugunya ce ta taru a hanta. Sikanin ya nuna, aka sa bututu aka zuƙe, na daɗe kan antibayotik. Anti zazzaɓin da ya tafi ya dawo kar ki jira gari ya waye.

Ɗan uwanku: Nawa Y-90 ne, wato ƙananan ƙwayoyi masu radiyeshin ake turawa ta jijiyar hanta, ciwo kaɗan, kasala ce kamar an zare min laka. Gargaɗin da aka min shi ne in na ga ciwon shawara, kumburin ciki ko baƙin bayan gida, ko bayan wata 1 zuwa 2 ne in dawo da gudu. Kuma kar ya tsallake allurar octreotide mai rage homon da ƙarin ke fitarwa, ni fuskata ta yi ja bipi ya faɗi ana cikin aikin, ita aka ƙara min.

Mai jinyar miji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira likitocinsa, sun ce gobe a kawo shi gwajin hanta da ƙoda, kuma kar in ba shi ibuprofen. Ya ɗan kurɓi ruwa yanzu bai dawo da shi ba.