An ba ni aiki a Boden, arewacin Suwidin: in kwashi iyali in tafi?

Baban Walida:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san arewacin ƙasar nan, musamman mazauna lardunan Norrbotten da Västerbotten.

Ni injiniyan lantarki ne, a Göteborg muke zaune da maiɗakina da yara biyu. Wani kamfanin 'yan kwangila ya ba ni aikin shekara biyu a yankin Boden, inda ake gina masana'antar ƙarfen da ba za ta ƙona kwal ba. Albashin ya fi wanda nake karɓa nesa ba kusa ba, aikin kuma shi ne wanda na yi karatu dominsa: manyan taransifoma da layukan da za su kai wuta ga injinan da ke raba ruwa su fitar da haidurojin. Raina ya biya ƙwarai. Sarrafa ƙarfe kaɗai na fitar da kusan kashi 7 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma ina so a ce da hannuna aka rage shi.

Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ya faru a garin Skellefteå, a can arewa. Northvolt, kamfanin batir da ya kafa masana'anta a garin, ya tara kuɗi kusan dala biliyan 15, Volkswagen na cikin manyan masu hannun jarinsa, ya fitar da batirinsa na farko a Disambar 2021. A Yunin 2024 BMW ya janye kwangilar yuro biliyan 2, a Satumba aka sanar da sallamar ma'aikata 1,600, ranar 12 ga Maris 2025 kamfanin ya karye gaba ɗaya. Takardar zamana ta aiki ce, ba ta dindindin ba. Maiɗakina ta ce ko dai mu tafi tare ko kada in je, ba ta yarda da zaman miji a jirgi ba. Walida kuma bana ta fara sabawa da makarantarta. Me kuka gani?

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, a wani gari kusa da Luleå, don haka ta ƙofar baya nake ganin wannan harka.

Ka fara da gida kafin komai. Boden gari ne mai mutum kamar 28,000, barikin soja ne ya raya shi, ba a gina shi don ya karɓi dubban baƙi lokaci guda ba. Gidajen ƙaramar hukuma layi ake bi, kuma kwanakin da ka yi a layin ake dubawa, ba yawan albashinka ba. Ka yi rajista yau ɗin nan, a Boden da Luleå duka, tunda tsakaninsu kamar kilomita 35 ne. Ma'aikatan kwangila galibi a ɗakunan kwantena ake sauke su a bayan gari. Ina wucewa ta gaban wasu da asuba: jeri-jeri, taga ɗaya ɗaya, kowace mota an jona mata waya a turke don kada injin ya daskare. Namiji shi kaɗai zai iya, amma ba wurin da za ka kai Walida da mahaifiyarta ba ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ba a cika faɗarsa ba. A Suwidin ƙaramar hukuma da harajin albashin mutanen da suka yi rajistar zama a cikinta take rayuwa. Harajin ribar kamfani gwamnatin Stockholm ke karɓa. To mutumin da ke zuwa a jirgi ya yi mako biyu ya koma, harajinsa can garin da ya fito yake shiga, amma ruwanmu yake sha, titinmu yake bi, in ya ji ciwo asibitinmu za a kai shi. Ƙaramar hukuma kuwa dole ta ci bashi ta ja famfo, ta gina makaranta, ta shimfiɗa hanya tun kafin mutanen su iso. Skellefteå ta yi hakan da zuciya ɗaya, mutanenta suka ƙaru daga kusan 72,000 zuwa sama da 77,000 cikin 'yan shekaru. Da kamfanin ya faɗi, baƙi suka watse, bashin ya zauna.

Mu a wurinmu, matasan da muke aiki tare sun gudu masana'antu da wuraren gini saboda kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma akwai daren da ni kaɗai ce a ɓangarenmu, wata tsohuwa ta faɗi a bayan gida, ina riƙe da kanta, ƙararrawar wani ɗakin na bugawa, ba wanda zai amsa. Ita wannan tsohuwa mijinta na cikin waɗanda suka gina madatsun Kogin Lule, waɗanda wutarsu ce ta jawo duk kamfanonin nan.

Saboda haka ni ina bayan maiɗakinka. In za ka zo, ku zo ku zama 'yan gari. In ita ma tana son aiki, gidan tsofaffi da makarantar yara hannu biyu za su karɓe ta. Sai dai ku shirya wa duhu: a Disamba rana ba ta wuce awa uku zuwa huɗu a nan, kuma a Janairun 2024 sanyi ya kai 43 ƙasa da sifili a Kvikkjokk, har aka tsayar da jiragen ƙasa. Lokutan salla da azumi kuma ku tambayi malamai tun kuna can, don a Yuni dare ba ya yin duhu.

Injiniya Mai Waya:

Anti Maman Sadiq ta faɗi gaskiya kan gari. Ni zan yi maganar masana'anta, don ba na so tsoron Northvolt ya sa ka jefa kowa a kwando ɗaya.

Batir Northvolt ya shiga yi, inda kamfanonin Sin irin su CATL suka yi shekaru suna gaba, kuma ya kasa fitar da kaya masu kyau da yawan da ya yi alkawari. Ƙarfe daban ne. Tama tana nan a Kiruna da Malmberget, LKAB ne ke haƙo mafi yawan tamar da ake samu a Tarayyar Turai. Wutar ruwa tana nan, ga fankokin iska masu samar da wuta na Markbygden kusa da Piteå. Dabarar kanta an gwada ta: HYBRIT, haɗin gwiwar SSAB da LKAB da Vattenfall, ya buɗe masana'antar gwaji a Luleå a 2020, a 2021 aka kai wa Volvo ƙarfen farko. Haidurojin ke zare iskar oksijin daga tama, sai tururin ruwa ya fita a maimakon hayaƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da hanya. LKAB ya taɓa cewa in ya sauya aikinsa gaba ɗaya zai buƙaci terawat-awa 70 a shekara, wato kusan rabin abin da Suwidin duka ke sha yanzu. Babban layin wuta kuwa, daga neman izini zuwa kunna shi, yakan ci shekara goma ko fiye. Shi ya sa ake ta ɗage ayyuka: shi kansa LKAB ya ja da baya da jadawalinsa, Fertiberia ya fasa masana'antar taki a Luleå, Ørsted ya dakatar da nasa aikin a Örnsköldsvik a 2024. Layin dogon tama, Malmbanan, mafi yawansa tilo ne. Da jirgi ya kauce kusa da Vassijaure a Disambar 2023, wata biyu ba a kai tama tashar jiragen ruwa ta Narvik, a Norwe, ba.

Wannan matsala kuwa kasuwarka ce. Ko wace masana'anta ta tsaya, ana neman mai sanin taransifoma. Amma ka ɗaure akuyarka: ka shiga ƙungiyar ƙwadago da a-kassa, asusun inshorar rashin aiki, tun yanzu, don sai ka yi wata 12 kana biya kafin ka ci cikakkiyar moriyarsa. Kuma ka karanta sharuɗɗan takardarka a Migrationsverket, hukumar shige da fice. Dokar da ta kama baƙin Skellefteå ita ce wata uku: ka samu sabon aiki mai albashin da ya kai ƙa'ida, ko ka bar ƙasar.

Ɗan Kiruna:

Yaya Baban Walida, akwai mutanen da ba a ambata ba tukuna, kuma a ƙasarsu za ka kafa turakunka.

Samawa (Sámi) su ne 'yan asalin arewacin nan, makiyayansu suna kiwon wata barewa mai rassan ƙaho tun kafin a ja iyakar Suwidin da Norwe. Da rani garke na kan duwatsu, da hunturu ya gangaro daji yana tonon gansakuka a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Tsakanin wuraren biyu akwai burtali, kuma mahaƙa da titi da dogo da layin wuta kowanne ya ɗan ci wani yanki nasa. A Janairun 2023 LKAB ya sanar da ma'adinai masu wuyar samu sama da tan miliyan 1 a Per Geijer, dab da Kiruna, irin waɗanda ake yin maganaɗisun motar lantarki da su. Makiyayan Samawa na yankin Gabna suka ce in aka haƙa wurin, ƙasar kiwonsu ta rabu biyu, don ta nan ne ragowar mashigarsu take. Wani maƙwabcina Basame ya nuna mini taswira a wayarsa, ɗigo-ɗigon dabbobin da aka sa wa na'ura a wuya: suna zuwa kusa da fankokin iska sai su karkace, su yi dogon zagaye.

Kotu ma ta san da zancen. A 2020 Kotun Ƙolin Suwidin ta ba makiyayan Samawa na Girjas gaskiya kan ikon farauta da kamun kifi a ƙasarsu. A 2021 ta Norwe ta ce izinin fankokin Fosen ya take haƙƙin makiyaya. Garinmu kansa matsar da shi ake yi saboda ramin tama na cin ƙasa ta ƙarƙashinsa. A Agustan 2025 aka ɗora majami'ar katako mai tan 672 a kan tayoyi aka kai ta kilomita 5. Ban ce kada ka zo ba. Amma ranar da aka kira zaman tuntuɓa kan inda layi zai bi, ka je da kanka ka saurara, kada ka bar wa lauyoyi.

Baban Walida:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa maiɗakina duka, maganar tsohuwar nan ta sa ta yi shiru na ɗan lokaci, daga baya ta ce in tambaya mata yadda ake shiga aikin. Anti, na yi rajistar layin gida a garuruwan biyu. Na kuma rubuta wa kamfanin cewa ba zan sa hannu ba sai sun taimaka da gidan iyali, ba kwantena ba, kuma sun faɗa mini a rubuce inda za su mayar da ni in aikin Boden ya tsaya kafin shekara biyun. Ɗan Kiruna, na duba taswirar layin da za mu yi aiki a kai, ya ratsa dajin da garke ke hunturu, zan nemi takardun zaman da aka riga aka yi da makiyayan.

Saura abu ɗaya, Anti: in muka zauna a Luleå ina zuwa Boden kullum, motar haya da jirgin ƙasa abin dogaro ne a tsakiyar hunturu, ko dole sai na sayi mota?