Dashin Japan: romo ne ko ruwan farin magi?

Hajiya: Salamu alaikum. Na ga ana ta yabon dashi, ruwan ɗanɗanon da Japanawa ke haɗa miya da shi, wai a kansa girkin Japan ya tsaya. Ni dai ban yarda romo ba ne. Babu ƙashi, babu mai, ko albasa babu, minti kaɗan an sauke. Ruwan farin magi ne aka sa wa suna.

Malam: Wa alaikumus salam. Hajiya, ai farin magin ne ya samo asali daga dashi. A 1908 Kikunae Ikeda, masanin sinadarai a jami'ar Tokyo, ya ciro gulutamet, sinadarin da ke ba farin magi ɗanɗano, daga kombu, busasshen ganyen tekun da ake haɗa dashi da shi, wanda galibinsa daga tsibirin Hokkaido na arewacin Japan yake zuwa. Ya kira ɗanɗanon umami. A 1909 farin magin Ajinomoto ya shiga kasuwa.

Hajiya: To ai ka gaskata ni ke nan, abu ɗaya ne.

Anti: A'a Hajiya, kin bar kifin da ake sa wa dashi a baya. Katsuobushi ake ce masa. A dafa shi, a yi bandarsa, a yi ta shanya, mai kyan ma sai ya yi watanni, har ya yi tauri kamar icce. Sannan a kankare shi siriri kamar ɓawon albasa. An gama shan wahalarsa tun kafin ya iso tukunya. Na haɗa da hannuna: na jiƙa kombu rabin awa a ruwan sanyi, na ɗora a ƙaramar wuta, da ƙananan kumfa suka fara tasowa a gefen tukunya na tsame shi, don in ya tafasa yauƙi yake yi da ɗaci. Na watsa kifin, na kashe wuta, minti biyu na tace. Ruwan garau, kalar shayi marar ƙarfi, ga ƙamshin hayaƙi. Wallahi farin magi ba ya wannan ƙamshin.

Malam: Kuma kifin da nasa sinadarin, inosinet, wanda ɗalibin Ikeda, Shintaro Kodama, ya gano a 1913. In suka haɗu da gulutamet ɗanɗano ninkuwa yake yi, kamar daddawa da busasshen kifi a miyar kuka.

Auta: Amma a yi wa Hajiya adalci. Gidaje da yawa a Japan yau garin dashi suke barbaɗawa, irin su Hondashi da ya fito a 1970, kuma da gulutamet ɗin masana'anta a cikinsa.

Anti: Wannan gaskiya ne, Auta. Ni na asalin nake karewa.

Hajiya: Ni har yanzu romo a wurina sai da ƙashi. Amma Anti, ranar da za ki sake haɗawa ki kira ni, in kurɓa zallansa kafin ki sa miso, daddawar waken suyar Japanawa.