Kamfanin da Ya Ƙera Jirgi, Shi Zai Ce Jirgin Lafiya Lau?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakata: muddin wanda ke duba jirgin sama da sunan hukuma a kamfanin da ya ƙera jirgin yake karɓar albashi, to gyaran dokar ba jiragen sama izinin tashi da Amurka ta yi a Disamban 2020 bai taɓa tushen ciwon ba. Tsarin da suke kira ODA ke nan, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wakilta injiniyoyin kamfanin Boeing su sa hannu a madadinta. An ba kura ajiyar nama. A haka jirgin Boeing 737 MAX ya samu izinin tashi a 2017. Watan Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan da barin Jakarta, mutum 189. Ba a cika wata biyar ba na Ethiopian Airlines ya faɗi minti shida da tashi daga Addis Ababa, mutum 157. Rai 346 fa, jama'a.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Injiniya, asarar ba mai musu a kanta. Amma in an soke wakilcin, wa zai yi aikin? A Maris ɗin 2019 muƙaddashin shugaban FAA, Daniel Elwell, ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa in hukumar za ta yi komai da hannunta, sai ta ƙara ma'aikata wajen 10,000 da kuɗi kusan dala biliyan 1.8. Kuma ko an samu kuɗin, wanda ya fi kowa sanin cikin jirgi shi ne wanda ya zana shi. Turai ma hukumarsu EASA tana amincewa da sashen zane na Airbus ya tabbatar da abubuwa da dama. Me ya sa can bai haifar da irin wannan ba?

Kyaftin Umar: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren wanda ke zaune a kujerar gaba. Ni abin da ke ci mini rai shi ne abin da aka ɓoye mana. An sa wa 737 injina masu girma, aka matsar da su gaba aka ɗaga su sama, sai ya zama a wani yanayi hancin jirgin na son ɗagawa. Aka ƙirƙiro manhajar MCAS ta riƙa danna hancin ƙasa. To da me take gane hancin ya ɗaga? Da ma'auni guda ɗaya tak da ke gefen hancin jirgin, alhali biyu ne a jiki. Ɗayan nan in ya yi ƙarya, shi ke nan, jirgi ya fara kokawa da matuƙinsa. Kuma ba a yi bayanin MCAS a littafin matuƙa ba. Wanda ya saba da tsohon samfuri, darasi kaɗan a iPad aka ba shi aka ce ya isa. Sun ƙaddara matuƙi zai gane matsalar ya ɗauki mataki cikin daƙiƙa huɗu. Ku kwatanta: sitiyari na karkarwa a hannunka, ƙararrawa na kuka, ma'aunin gudu na dama da na hagu sun saɓa, ƙasa na matsowa. Daƙiƙa huɗu!

Malama Hadiza: To ai ka ga, Kyaftin, maganata ka ƙarfafa. Ɓoye bayani ne laifin, kuma dokar 2020 ta nufi nan kai tsaye. Dole kamfani ya bayyana duk wata na'urar da ke taɓa tuƙi ba da umarnin matuƙi ba. FAA ce ke amincewa da waɗanda za su wakilce ta, kuma an sa hukunci kan manajan da ya matsa musu lamba.

Barista Zainab: Yaya Hadiza, a rubuce haka ne. Amma ki duba abin da ya faru da sashe ɗaya na wannan dokar. An ce bayan shekara biyu ba za a ƙara ba sabon samfurin jirgin fasinja izini ba sai yana da tsarin gargaɗin matuƙa na zamani. Da wa'adin ya zo a Disamban 2022, MAX 7 da MAX 10 ba su samu izini ba tukuna, sai majalisa ta ɗage musu sharaɗin, ta ce a yi wasu ƙananan gyare-gyare a madadinsa. Dokar da za a lanƙwasa ranar da ta fara cizo, yaya za a dogara da ita? Sannan akwai tsohuwar ƙofa: takardar izini ta asali ta 737 tun 1967 take. Duk sabon samfuri sai a kira shi gyaran tsoho, sai ya tsallake wasu sharuɗɗan da sabon jirgi ba zai tsallake ba.

Injiniya Bashir: Madalla, Barista. Hadiza, hukunci kan matsa lamba yana aiki ne in an furta matsin. Ni na taɓa tsayawa da biro a hannu, katin aiki a gabana, akwai noti ɗaya da ban ga lokacin da aka ɗaure shi ba. Shugabana bai ce mini uffan ba, agogo kawai ya duba, ya dubi fasinjojin da ke jira ta gilashi. Na ce sai an sake buɗewa. Aka buɗe, jirgi ya makara, wata uku ana yi mini kallon mai taurin kai. Wace doka ce za ta kama duban agogo? Kuma ga shaida bayan gyaran dokar: 5 ga Janairun 2024, MAX 9 na Alaska Airlines ya tashi daga Portland, murfin ƙofa ya fice a sama. Ƙusoshi huɗu da ke riƙe shi ba a mayar ba tun daga masana'anta, kuma ba a samu takardar da ta nuna an cire murfin ba.

Malama Hadiza: Wannan matsalar haɗa jirgi ce, ba ta amincewa da zane ba, kada mu cakuɗa su. Kuma dubi bambancin martani. Washegari FAA ta dakatar da jirage 171, daga baya ta hana Boeing ƙera MAX fiye da 38 a wata. A 2019 kuwa sai da China ta fara dakatar da MAX ranar 11 ga Maris, ƙasashe suka bi, Amurka ta zo a ƙarshe ranar 13.

Barista Zainab: Wannan jinkirin ne ya karya amanar. Da, in FAA ta sa hannu sauran hukumomi kan karɓa. Da ta sake MAX a Nuwamban 2020 bayan wata 20, EASA ba ta bi ba sai Janairun 2021, bayan ta yi nata binciken ta gindaya nata sharuɗɗan. Ni a ganina wannan ido na biyun ya fi duk wani sashe na dokar amfani. Damuwata ƙasashen da ba su da injiniyoyin da za su sake dubawa, sai dai su karɓi abin da aka ba su.

Kyaftin Umar: Injiniya, ni ban kai ga cewa a soke wakilci ba, don na san ba zai yiwu ba. Amma abin da zai iya kifar da jirgi, kamar na'urar da ke taɓa tuƙi, hukuma ta riƙe shi da kanta, kuma a gwada shi da matuƙa na yau da kullum, ba gwanayen gwaji na kamfani kaɗai ba.

Injiniya Bashir: Na karɓi rabin wannan, Kyaftin. To wa zai fayyace wa hukuma abin da zai iya kifar da jirgin? MCAS ma ai kamfanin ne ya ƙaddara hatsarinsa bai kai nan ba. Hadiza, ke nake jira a kan wannan.