Admin ɗin watanda ya cika kuɗi daga aljihunsa, yanzu guruf ya kama da wuta

Baban Yara: Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. Muna da guruf na WhatsApp mu 20, duk ƙaramar Sallah muna watanda, kowa ya tura dubu 40 a sayo sa a yanka a raba kashi-kashi. Bana ni aka ɗora wa. Na sa ƙuri'a a guruf kan inda za a sayo, kasuwar Wudil ko cikin gari, mutum 11 suka ce Wudil, 3 suka ce gari, sauran ko uffan. Ranar Juma'a na je kara, wallahi duk bijimin da ya yi mini sai kuɗin ya gaza, ga la'adar dillali ga kuɗin mota, na rubuta a guruf na jira kusan awa ɗaya mutum biyu kawai suka amsa, rana na yi kasuwa na watsewa, sai na cika dubu 60 daga aljihuna na saya. Yanzu na ce kowa ya kawo dubu 3, wasu sun ce ba su aike ni ba. Har wani ya tambaya wai ina fata da kai da ƙafa suka shiga. Ni ne da laifi?

Ɗan Kurna: Gaskiya malam ka yi gaggawa. An ba ka dubu 800 ka sayo na dubu 800 ko da maraƙi ne. Shirun mutum a guruf ba yarda ba ce, wani ba shi da data, wani yana masallaci, Juma'a ce fa.

Maman Biyu: Haba Ɗan Kurna, da ya sayo ramamme su ɗin ne za su fara cewa ya ci kuɗi. Ni mu namu na hatsi ne, mata 30, muna haɗawa a sayo buhunan masara da gero da wake a Dawanau da kaka a raba da kwano. Mun sha irin wannan, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, ka tara kuɗi Litinin kafin Alhamis farashi ya tashi, kuɗin mota ma ya canza, har zumunci ya kusa lalacewa tsakanin wasu a kan kwano biyu na wake. Tun daga nan kafin kowa ta tura ko sisi sai mun rubuta: mai zuwa kasuwa tana da izinin ƙara nawa ba sai ta tambaya ba, in ya wuce haka ta dawo da kuɗi, kuma wadda ba ta yi ƙuri'a ba ta bi masu rinjaye, ba ƙorafi. Mutum biyu ke zuwa, ba ɗaya ba, a ɗauki bidiyon ciniki a tura. Wadda ba ta yarda ba ta fita tun kafin a sayi kaya.

Mahaucin Unguwa: Batun fata ɗin nan kar ka raina shi, shi ke kashe watanda. Fata da kai da ƙafa da tozo ba sa rabuwa 20, ko a sayar a zuba a lissafi ko a ba mai fiɗa a madadin ladansa, amma a faɗa tun farko. Kai me ka yi da su?

Baban Yara: Kai da ƙafa mai fiɗa na ba, fata na sayar na sayi leda da ita na biya yaran da suka kai wa mutane nama gida. Sai dai ban faɗa a guruf ba, wannan kam na yarda.

Ɗan Kurna: To ka ga. Ka rubuta lissafin gaba ɗaya yau, daga kuɗin sa har leda, ka tura. Wanda ya biya ya biya, wanda ya ƙi kar ka bi shi ta waya, baɗi dai a ba shi ya je Wudil ɗin da kansa.

Baban Yara: Na tura ɗazu. Mutum 13 sun turo, mai tambayar fata ya karanta bai ce komai ba.