Wayar Inna in an kashe tsohon sabis, mi za ni yi?

Ɗan Gwadabawa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar waya. Ƙanena da ke karatu Danfodiyo ya zo gida shina faɗin wai ƙasashe na ta kashe tsohon sabis, 2G da 3G, kuma wata rana abin zai iso kanmu. Tawa ba ta dame ni ba, ta Inna ce matsalar. Tana ƙauye, gaba da Gwadabawa kaɗan kan hanyar Illela, ni kuwa ina nan Mabera ina harkar albasa. Wayarta ƙaramar Nokia ce mai tocila, ta fi shekara 10 a hannunta. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san in ta danne 2 ni za ta samu, in ta danne 3 ƙanwata da ke aure Wurno. Caji ɗaya na kai mata kwana 5, garin kuwa ba wuta sai shagon mai sola. Bara na kai mata babbar waya ta shafawa, sati guda ta jefa ta cikin kwalla, ta ce ita ba ta iya wayar da yatsa bai jin maɓallinta.

Ban manta 2021 ba, lokacin da anka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan tamu ta Sakkwato saboda 'yan bindiga. Mun ga yadda mutane ke shiga mota don kawai su ji lafiyar iyayensu. Ba ni son in sake ganin irin wanga. In sayi sabuwa tun yanzu, ko in jira?

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi barci. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Manyan kamfanonin waya na Amurka sun gama kashe 3G a 2022, Jamus tun 2021. Dalilin shi ne kowane sabis yana cin zangon iska da kamfani ya biya kuɗi mai yawa ya saya, ga man janareto a kowane turke. In an kwashe tsohon, sai a ba 4G da 5G wurin.

Abin da mutane ba su sani ba, a wurare da yawa 3G ake fara kashewa a bar 2G, don shi ke ɗauke da ƙananan wayoyi da na'urori irin su mita. Ingila haka ta yi, kamfanoninta sun yarda su gama da duka biyun kafin 2033, amma da 3G suka fara. Wato mai yiwuwa wayar Inna ta fi taka tsawon rai, in taka tsohuwar Android ce.

Gwada taka yanzu. Kashe wifi, ka duba saman allo ka ga 4G ko LTE, sannan ka kira wani. In da kiran ya shiga alamar ta koma 3G ko H ko E, to wayarka data kawai take yi da 4G, murya kuwa ta tsohon sabis take bi. Abin da ke sa murya ta bi ta 4G shi ake kira VoLTE. Wani lokaci yana cikin saitin waya a kashe, kunnawa kawai za a yi. Wani lokaci kuma babu shi sam, ko yana nan amma kamfanin layinka bai buɗe wa irin wayar ba. Wayoyin gwanjo da ake kawowa daga waje su suka fi ba mu wannan ciwon kai a shago.

Ita kuwa Inna, bar zancen ta shafawa. Akwai ƙananan wayoyi masu maɓalli da ke da 4G, kamar Nokia 105 4G da 110 4G. Ka duba kwalin da idonka, don akwai 105 da ba ta da shi, kuma kamanninsu ɗaya. Sai ka maida mata 2 da 3 ɗinta yadda ta saba.

Maman Husna POS:

Allah ya saka, Malam mai gyara. Ni abin da ya tsaya min a rai na'urar POS ɗina ce, ita ma layi ke cikinta, kuma sau da yawa E nake gani a kanta. Gobe zan tambayi wakilin da ya ba ni.

Ɗan Gwadabawa, ka fara duba sunan wa ke kan layin Inna. Tsohon sim ba ya hawa 4G sai an sauya shi, wajen sauyawa kuma mai layin ake nema da NIN ɗinsa. Na surukata da sunan marigayi Baba yake, mun sha zirga-zirga kafin aka daidaita. Kuma ka kwafe lambobinta a takarda, tsofaffi a cikin waya suke ajiyewa ba a sim ba.

Abu Sadik daga Ostareliya:

Kawu, ina nan aka kashe 3G a watan Oktoban 2024. An yi watanni ana turo tes, har aka ɗaga ranar don mutane ba su shirya ba. Waɗanda abin ya fi ba mamaki masu 4G ne da suka ɗauka sun tsira, sai ga shi an toshe wayoyin da ba za su iya kiran lambar gaggawa ta 000 ba. Tawa da na zo da ita daga gida tana ciki. Saboda haka ka sa wani ya riƙa karanta wa Inna tes ɗin da ke shigowa, kada yara su goge.

Sai dai ni ban ga amfanin sabuwar waya ba in 4G bai kai ƙauyenku ba. Ka je da taka ka gwada a tsakar gidan tukuna.

Ɗan Gwadabawa:

Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Na gwada tawa, ina kira ta faɗo H, ashe ni ke cikin ruwa ina tausayin wani. Layin Inna kuwa da sunana munka yi rajista, wanga ya zo da sauƙi. Lahadi za ni Illela cin kasuwa, zan biya in gwada sabis ɗin gidan, don a ɗakinta ko na kira sai ta fito gindin dogon yaro muke jin juna. Malam mai gyara, ita 105 ɗin mai 4G batirinta na kai kwana nawa? In bai kai na tsohuwar ba, kwalla za ta sake shiga.