Neman shawara: mu sauya tarihin uban gidan a katun ɗinmu ko mu bar shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin masu rubuta wani shirin barkwanci na katun, labarin uba da uwa da 'ya'yansu uku, kuma an daɗe ana yinsa. Abu biyu ne suka sha mana kai. Na farko, yaran ba sa girma, alhali zamani yana ta tafiya, har wayoyin da ke hannunsu sun canza. Na biyun ne ya fi damuna: abokin aikina yana so mu yi kashi guda da zai tona cewa uban ba maraya ba ne kamar yadda muka nuna tun farko, wai iyayensa suna raye, ƙarya ya yi ta shararawa. Ya ce hakan zai ja masu kallo. Ni kuwa raina bai kwanta ba, domin a kan wannan maraicin muka gina yadda yake riƙon 'ya'yansa. Don Allah a ba ni shawara.

Wani tsohon mai kallo: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku yi. An taɓa gwada irin wannan a The Simpsons, wani shirin katun na Amurka a kan iyali guda, a 1997, aka yi kashin da ya nuna cewa Skinner, shugaban makarantar su Bart, yaron gidan, sojan gona ne: sunansa na gaskiya Armin Tamzarian, sunan sajan ɗinsa na yaƙin Biyetnam ya ɗauka. Da ainihin mai sunan ya dawo, mutanen gari suka ɗaure shi a kujera, suka ɗora shi a jirgin ƙasa suka sallame shi, alƙali kuma ya haramta a sake tada maganar.  Harry Shearer, mai yin muryar Skinner, bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba, kuma har yau masu kallo da yawa ba su huce ba. Mutum ya shekara takwas yana son wani, sai a ce masa duk yaudara ce.

Wata mai zane: Batun shekaru kada ya hana ka barci, ɗan'uwa. A The Simpsons, tun 1989 Bart yana da shekara 10, ƙanwarsa Lisa 8, autarsu Maggie kuma tana nan da abin tsotsonta a baki, kowa ya yarda da haka. Inda ake samun matsala shi ne idan aka ambaci shekara ƙarara. A 1991 sun nuna iyayensu, Homer da Marge, sun haɗu a sakandare a 1974, sai a 2008 suka mayar da ƙuruciyarsu shekarun 1990, aka yi ta surutu. Ku dai ku riƙa cewa "lokacin muna samari", ku bar lambobi.

Wani ɗalibin fim: Ni ban goyi bayan a daskarar da komai ba. Shirin da ba ya motsi gundura yake yi. Abin dubawa shi ne ta ina canjin ya zo, ta gaba ko ta baya. A 1995 Lisa ta daina cin nama, kuma mawaƙi Paul McCartney ya gindaya sharaɗi kafin ya yarda ya fito a kashin, cewa kada a mayar da ita kan cin nama. Tun daga nan, in aka zauna cin abinci, naman yana gaban Homer, ita kuma ganye ne a farantinta. Maude, matar Ned Flanders maƙwabcin Homer, ta rasu a 2000, ba a dawo da ita da rai ba, aka bar Ned da rainon yara biyu. Waɗannan ƙari ne a kan abin da mai kallo ya sani, ba su ƙaryata shi ba. Abin da abokinka yake so rushe baya ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Sai dai abokin nawa yana da hujja a wuri ɗaya: mun ƙure duk abin da za a iya faɗa a kan uban, maimaici kawai muke yi.

Wata mai zane: To nan ne haɗarin ma ya fi yawa. Ned Flanders ya fara ne a matsayin maƙwabci mai kirki da wadatar zuci wanda Homer yake wa hassada, riƙon addini ɗaya ne kawai daga cikin halayensa. Sannu a hankali marubuta suka riƙa jan wannan hali ɗaya don shi ne mai saurin ba da dariya, har ya danne sauran. Ku buɗe kundi ku rubuta wa kowane mutum abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da ba zai taɓa aikatawa ba. Duk wanda zai rubuta sabon kashi ya fara karanta shi.

Wani tsohon mai kallo: Ga mafita, malam, in har kuna son iyayen su bayyana. Homer ya tashi da sanin mahaifiyarsa ta rasu, haka mahaifinsa ya gaya masa. A 1995 ta dawo, 'yar fim Glenn Close ce ta yi muryarta, ashe guduwa ta yi tun yana ƙarami saboda hukuma na nemanta. Homer bai yi wa kowa ƙarya ba, shi aka ɓoye wa, don haka maraicin da ya sha na gaske ne, kuma kashin yana cikin waɗanda aka fi so. Ku ma ku sa uban ya kasance bai sani ba. Tarihin yana nan daram, ga kuma sabon labari: yaya zai karɓi uwar da ta tafi ta bar shi, me zai ce wa 'ya'yansa?

Mai tambaya: Madalla, wannan ta shige ni. Zan kai wa abokin nawa. Sai dai uwar kaɗai za mu dawo da ita, kuma sai mun zauna mun tsara dalilin tafiyarta da wanda ya ɓoye masa kafin mu rubuta ko layi ɗaya. Allah Ya saka da alheri.