"Ba a yi komai ba, mace ta haifi mace"

Ɗiyar Adar: Salamu alaikum. Jiya a unguwarmu nan Tawa aka zaɓi shugabar kwamitin famfo, mace ta sauka, mace ta hau. Sai wani dattijo ya kaɗe riga ya ce wai ba a yi komai ba, mace ta haifi mace. Har aka kusa ba hammata iska. Nan ake sa ta?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ba nan ba. Maganar gado ce, ɗiya gidan wani za ta. Kuma ko can ɗin ragowar jahiliyya ce.

Mai Shayi: Malam, ai dattijon bai biya kuɗin ruwa ba wata huɗu, shi ya sa.

Baba Tsoho: Ku bar wasa. Mu mun taras mace ba ta zama kan buzun fada.

Ɗiyar Adar: Baba, Sarauniyar Lugu da ta tari sojan Faransa a 1899 fa? Ita kan me ta zauna?

Baba Tsoho: Ɗiyata, waccan ta azna ce.

Hajiya Mai Adashi: Allah ya jiƙan kakata. Mijinta hakimi ne, ya tsufa, kunne ya yi nauyi. An hana ta fada, to, sai ta kai turminta bayan zana. In masu rigimar gona suka zo tana daka tana ji. Mai gaskiya na magana, taɓarya na tafiya daidai. Maƙaryaci ya buɗe baki, sai ta shiga lugude! Tsoho na jin lugude ya ce "ƙarya kake." Shekara da shekaru ana yabon basirarsa. Ranar da ta tafi biki, aka ɗage shari'a, wai hakimi na masassara.

Mai Shayi: A kai turmi majalisa!

Ɗan Zongo: Wane turmi? Dokar kason mata a muƙamai a Nijar tun 2000 aka yi ta, amma wasu 'yan siyasa matansu suka riƙa cika jerin 'yan takara da su, alawus ya dawo gida.

Hajiya Mai Adashi: Su kuma ranar 13 ga Mayu, ranar mata ta ƙasa, su raba mana atamfa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Hajiya, labarinki ai dattijon famfo ya taimaka wa. Bayan zana ta tsaya.

Baba Tsoho: Wane gari ne? Kamar na san hakimin nan.

Mai Shayi: Famfon dai yana zuba?